Gurbin da Kwalba Ke Bari



Akwai wani yayana na unguwa, bakanike ne, ba zan kama sunansa ba, kuma da izininsa nake wannan magana. Muna yara mun sha mamakin son da yake wa kanumfari. Kullum akwai ɗan ƙulli a aljihun rigarsa. In ya dawo da daddare sai ya tsaya a zaure, ya jefa uku ko huɗu a baki, ya tauna, ya hura numfashi a tafin hannu ya shinshina, sannan ya yi sallama. Mu mun ɗauka ciwon haƙori ke damunsa. Sai da na girma na gane abin da kanumfarin ke rufewa. Ita kuwa maiɗakinsa tun daren farko ta gane, ta dai yi shiru ne, irin shirun nan na iyayenmu mata.

Da Allah Ya kawo lokacin da ya bari, wata rana na tambaye shi, na ce, "Yaya, me ya fi ba ka wuya?" Na zaci zai ce ɗanɗano. Sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, abin nan fa ɗaci gare shi, ba wanda ya fara shi don daɗi. Abin da ya kusa kayar da ni, ƙarfe bakwai zuwa tara ne. In na rufe gareji, na wanke baƙin mai a hannuna, sai in tsaya a bakin titi ban san inda zan nufa ba."

To, wannan ƙarfe bakwai zuwa taran ce ta kawo ni yau.

Na san wani yana can yana cewa, me ya haɗa gidan rediyon Hausa da zancen barasa, alhali addini ya riga ya yanke hukunci? Ya yanke kam. 'Yan'uwanmu Kirista ma ba a bar su a baya ba wajen wa'azi kan maye. Doka ita ma ta yi nata: Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta biyo a 2000, kuma a ƙarshen 2020 Hukumar Hisbah ta Kano ta farfasa kwalaben giya kusan miliyan biyu a lokaci guda. Sai dai kwalba miliyan biyu ba aljanu aka kawo wa ba. Akwai masu saye, kuma wasunsu sahu ɗaya muke tsayawa da su. Fasa kwalba abu ne mai sauƙi, katafila ɗaya ta isa. Abin da ya sa mutum ya miƙa hannu ya ɗauke ta, shi katafila ba ta taka shi.

Me mashayi yake saye da kuɗinsa? Bari in faɗa da yaren gareji, tun da da bakanike muka fara. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarai biyu masu aiki kamar birki da totur. Na birkin likitoci na kiransa GABA, na totur ɗin kuma gulutamet. Da zarar barasa ta shiga jini sai ta danna birki, ta ɗage ƙafa daga totur. Shi ya sa kafaɗa ke saki, lissafin kuɗin haya da na makarantar yara ya yi nisa kamar a wani gari ake yin sa. Wannan sauƙin gaskiya ne, kuma duk mai nasihar da ya ce wa mashayi babu shi, daga nan mashayin ya daina sauraronsa. Inda gizo ke saƙa shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta haka kawai. Tana jin an taka mata birki sai ta ƙara wa totur wuta don ta daidaita. Can tsakar dare hanta ta gama tace barasar, birki ya saki, totur kuwa yana nan a danne. Sai mutum ya farka ƙarfe uku, zuciya na dukan uku-uku, gumi ya jiƙa matashi, tunanin da ya gudar wa jiya ya dawo har da 'yan rakiya. Barcin da ya yi ma ba barci ba ne, don barasa na tauye sashen barcin nan da ake mafarki a cikinsa. Natsuwar gobe ya ranto ya kashe yau, kuma rancen da kuɗin ruwa. Bayan wata shida, kwalba ɗaya ba ta yin abin da take yi a da, sai biyu, sai uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ce barasa na sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara. Tun 1988 cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a rukuni ɗaya da taba sigari wajen haddasa ciwon daji. Mu nan kuma akwai ƙari, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a tsakaninmu, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba. Hantar da ke fama da wannan, a zuba mata ogogoro ko 'yar leda, ai an haɗa mata zafi biyu.

Yanzu ga inda tamu matsalar ta bambanta da ta Turawa. Su in sun bar giya, ruwan lemo suke nema su riƙe a wurin biki. Mu kuwa, saboda giya na da wari kuma na da kunya, tuni muka samo mata madadin da ba ya wari. Kodin ba ya buƙatar kanumfari. A juye shi a robar lemo, yarinya ta zauna a tsakar gida gaban mahaifiyarta tana kurɓa. Tiramol ƙwaya ce ƙarama, ɗan dako ya haɗiya da shayin safe ya ce ƙarfi yake nema. Ga rochi, ga sholisho. A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta fito da binciken nan nata kan kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda kafin a yi binciken, kuma duk mutum huɗu daga cikinsu ɗaya mace ce. Wani har yana bugun ƙirji wai shi bai taɓa sa giya a bakinsa ba, alhali kwalba uku ta maganin tari yake shanyewa kafin la'asar. Wannan ai tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Cacar waya ma biri ce, shisha ma biri ce, haka kwana ana murza TikTok har a kira assalatu.

Saboda haka in na ce madadi, ba kowane abu da ya shiga gurbin nake nufi ba. Ina nufin abin da zai yi aikin da kwalba ke yi, ya sauke mutum daga zafin yini, ya ba shi inda za shi da waɗanda zai zauna da su, amma kada ya aiko da takardar bashi da asuba.

A fara da jiki. Direban adaidaita sahu da ya wuni a cunkoso, ga hayaƙi, ga fasinja na faɗa kan canji, ga kuɗin mai da ya ninka tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga balas ɗin mai mashin na jiransa da yamma. Duk lokacin da ransa ya ɓaci, jikinsa na zubo sinadaran da aka halitta don gudu ko kokawa, shi kuwa yana zaune a kan kujera, bai gudu ba, bai yi kokawa ba. Haka ma'aikacin ofis, haka mai shago. Abin na nan a jini yana neman mafita. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa tana ƙone shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba kuɗi, ba kati, ba layi. Matsalar guda ce: a garinmu in babban mutum ya fito yana tafiya a ƙasa, kafin ya kai kwana mutum uku sun tsaya da mota. "Alhaji, lafiya? Motar ce ta lalace?" Ni kaina na sha wannan tambaya, har na koma fita bayan sallar asuba, lokacin masu tambayar na barci. Amma kada a yi wa kowa kuɗin goro. Wanda ya wuni yana sauke buhun siminti ba motsa jiki yake buƙata ba. Shi wanka da ruwan ɗumi, da tuwo mai zafi, da wurin da ba a kiran sunansa na ɗan lokaci, su ne maganinsa.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar ko takalmi. Ku gwada yanzu, kuna jina, in dai ba tuƙi kuke ba. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida ko takwas. Duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi, bugun zuciyarsa na ɗan raguwa, haka Allah Ya tsara jijiyar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da ƙirji. In aka tsawaita fitarwar na minti biyar, birkin nan da muka yi magana yana kamawa da kansa. Ba zai biya kuɗin haya ba, kwalba ma ba ta taɓa biya ba. Amma sha'awar sha tana zuwa ne kamar hadarin bazara, ta taso baƙi ƙirin, in an daure mata, sau da yawa kafin rabin awa ta watse. Abin da ake nema shi ne abin da zai riƙe mutum har ta wuce.

Sai hannu. Kada ku raina wannan. Wanda ya yi shekara goma yana riƙe abu mai sanyi a hannun dama da ƙarfe takwas, hannun ma ya saba. A ba shi abin riƙewa. A nan kam Allah Ya yi mana arziki: zoɓo, kunun aya, tsamiya, fura da nono, shayin citta da na'a-na'a. Zoɓo har masana sun gwada shi. A jami'ar Tufts ta Amurka, a wani bincike da aka wallafa a 2010, an ba mutanen da jininsu ya fara hawa kofi uku kullum na mako shida, aka ga jinin ya sauka da kusan maki bakwai. Ba zai maye gurbin maganin likita ba, kuma mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambayi likita tukuna. Sannan zoɓon da aka gwada ba irin namu ba ne da ake antaya wa suga har cokali ya tsaya. Kwalbar lemo ƙarama ɗaya na ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara, kada a gudu daga ciwon hanta a faɗa ciwon suga.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne shayin 'yan'uwanmu na Nijar. Duk wanda ya taɓa zama a fada, wato majalisar hira, a Maraɗi ko Damagaram ya san abin da nake nufi. Ɗan murhun waya, gawayi kaɗan, 'yar buta shuɗiya da ba ta fi dunƙulen hannu ba. Mai dafawa ya ɗaga ta sama ya tsiyayo cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta tashi. A sha na farko mai ɗaci, a jira na biyu, a jira na uku. Duka abin da za ka sha bai cika kofi guda ba, amma ya cinye awa biyu. Ashe ba shayin ba ne, jiran ne. Wannan ita ce ƙarfe bakwai zuwa taran Yaya, an cika ta da gawayi da hira. Gargaɗi ɗaya: ganyen na da ƙarfi, kuma sinadarin da ke hana barci a shayi da goro da kofi, bayan awa biyar rabinsa na nan a jini. Wanda barci ke wa wuya ya sha nasa da la'asar, da dare ya koma citta.

Wannan ya kawo mu ga mutane, kuma nan ne wuyar take. Mashaya ba giya kaɗai take sayarwa ba. Wuri ne da ba a tambayar mutum me ya sa bai yi aure ba, ina aikin da ya yi karatu dominsa, yaushe zai biya bashi. Wanda ya bari, abokai ya bari, kuma in ya zo majalisarmu me yake tararwa? Ana ganinsa hira ta tsaya, wani ya matsa gefe, wani ya ce, "A'a, yau an tuba ke nan?" Mun hana shi can, ba mu karɓe shi nan ba. Mu Hausawa an tarbiyyantar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Riƙe sirri abu ne mai kyau, amma wani cikin ya cika har yana neman fashewa, ana tambayarsa ya gida yana cewa lafiya lau. Kowa na buƙatar mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda zai iya kira ƙarfe takwas ya ce, "Yau abin ya motsa, zo mu zaga." Mata kuwa, da ba su da majalisar bakin titi, nasu ya fi tsanani. Shi ya sa ba na raina Islamiyyar dare, ko taron adashi, ko ma zaman kitso. Awa guda kanki na kan cinyar 'yar'uwarki, hannunta na cikin gashinki, kuna magana ba wanda ke kallon idon wani, ai an sha sauke kaya masu nauyi a irin wannan zama. Maigidan da ya hana duk waɗannan, ya kulle ƙofa, ya tafi tasa hirar, ya san da wa ya bar ta.

Malamai sun karantar da mu cewa haramcin giya a matakai ya sauka: an fara ambaton cutarwarta a Suratul Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. Hukunci ya riga ya tabbata, ba wanda zai ce yau shi yana mataki na biyu. Abin da nake so ku lura da shi shi ne abin da matakin tsakiyar ya taɓa. Lokaci ya taɓa. Salloli biyar sun yayyanka yini, har mai sha ya rasa inda zai sa kwalbarsa. An sake wa mutane tsarin wuninsu kafin a karɓe abin daga hannunsu. Wanda ya zauna a masallaci daga magariba zuwa isha'i, a wurin karatu ko lazimi, ya riga ya ci rabin awannin nan masu haɗari, ga ruwan alwala a fuska, ga mutane a gefensa.

Wata ƙasa ma ta gwada irin wannan dabara a kan matasanta. Aislan, can ƙuryar arewacin Turai. A 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a watan da ya wuce. Zuwa 2016 abin ya koma kashi 5. Ba da wa'azin illar giya suka yi ba, sun daɗe suna yin sa bai ci ba. Wasanni da kiɗa da zane suka buɗe wa yara bayan makaranta, hukuma ta taimaka da kuɗin shiga, aka sa dokar komawa gida da dare, aka ce iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu. Na san ƙaramar hukumar Nasarawa ta Kano kaɗai ta fi ƙasar yawan jama'a, ba za a kwafo komai ba. Amma duk sa'ad da na ga filin ƙwallon unguwa an yanka shi an yi shaguna, nakan tambayi kaina ina aka aika yaran da ke buga ƙwallo a nan da la'asar.

Yanzu ku ƙara sautin rediyon, don wannan maganar rai ce. Duk abin da na lissafa, na wanda abin bai yi wa nisa ba ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, wanda in gari ya waye hannunsa na rawa sai ya kurɓa, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ku tuna totur ɗin nan da ke danne. In aka cire birki gaba ɗaya, cikin kwana ɗaya rawar jiki da gumi da amai za su fara, zuwa kwana biyu ko uku ana iya samun jijjiga da gane-gane da ruɗewa, kuma yana kisa. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Asibiti za a kai shi, akwai maganin da ake saukar da mutum da shi a hankali. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa na da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Wani ma in an bincika, ciwon damuwa ne ke cinsa tun farko, giyar maganin da ya rubuta wa kansa ce. Kuma don Allah iyaye, mari da sarƙa ba magani ba ne. Ba mu manta da watan Satumban 2019 ba, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu don a gyara su.

Shi Yaya sau biyu yana komawa, bai ɓoye mini ba. Na farko ranar da aka binne ƙanwarsa, na biyu da wani mai mota ya sa aka tsare shi kwana biyu kan injin da ba shi ya lalata ba. Abin da ya riƙe shi daga baya, ba za ku yarda ba, tattabaru ne. Wani yaronsa na gareji ya ba shi guda biyu, ya buga musu akurki da ragowar langa-langa a bayan gida. Tattabara kuwa ba ta san uzuri ba, in rana ta yi sanyi sai an watsa mata gero, a canja mata ruwa, a ƙirga waɗanda suka dawo. Sai ya koma rufe gareji da wuri. Daga wurin tattabaru sai masallaci, daga isha'i sai teburin mai shayi, inda suke buga dara da wani tsohon direban tirela da ke cinye shi kusan kullum.

Makon jiya na leƙa na same shi a bayan gida, hula a ƙeya, yana ƙirga su da yatsa, sun haura talatin. Muna tsaye ya laluba aljihu, ya fito da ɗan ƙullin nan, ya miƙa wa ƙaramar 'yarsa ya ce, "Kai wa mamanki, ki ce ta zuba a zoɓon, muna da baƙo."